Muhawara: Ɗan majalisar da ya kawo dokar lafiya ya fi wanda ya gina asibiti goma?

Malam Akawu: Jama'a, ga magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Sanata Ibrahim Yahaya Oloriegbe, likita ne, ya wakilci Kwara ta Tsakiya daga 2019 zuwa 2023, shi ya shugabanci kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa ta tara. Ƙudurori biyu da ya ɗauki nauyi sun zama doka. Na farko dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022. Ita ta soke tsohuwar dokar NHIS ta 1999, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma kafa asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da marasa galihu. Na biyu dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni a wajena wannan ya fi a gina asibiti goma a mazaɓa amfani ga talaka, nesa ba kusa ba.

Hajiya Ungozoma: Malam Akawu, Allah ya ja da ranka, amma da takarda kake magana. A kawo mace ƙarfe biyun dare, ta haihu, jini ya ɓalle. Abin da ake nema a lokacin allurar oxytocin ce mai tsayar da zubar jini, ita kuwa sai an ajiye ta a firji, sanyin da bai wuce maki 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius ba, in ta sha zafin Afrilu ƙarfinta ya ragu. In babu, sai ƙwayar misoprostol. In jijjiga ce ta kama ta, sai magnesium sulphate da wanda ya iya auna shi. Sai ruwan ƙari, sai fitila, sai motar da za ta kai ta babban asibiti in abin ya gagara. Wanne daga ciki dokar ta ajiye a kan tebur? Har yau sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita. Mijin ne dai zai ruga kemis da 'yar takarda a hannu.

Barista: Hajiya ta taɓo inda yake ciwo, sai dai ba laifin mai kawo ƙuduri ba ne duka. Ƙuduri yakan bi karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, zaman jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan ɗaya majalisar ta amince da irinsa, a kai wa shugaban ƙasa, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Nan aikin rubuta doka ya ƙare. Kuɗi wani yaƙi ne daban.

Ku dubi Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Sanata Ifeanyi Okowa ya jagoranta, Jonathan ya sa hannu. Sashe na 11 ya ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, wato BHCPF. Har rabon ta yanka: kashi 50 inshora, 20 magani da rigakafi da kayan aiki, 15 gini da na'urori da sufuri, 10 ma'aikata, 5 agajin gaggawa. Amma ba a ga kuɗin nan a kasafi ba sai 2018, da majalisa ta takwas ta cusa kusan naira biliyan 55. Shekara huɗu doka na kwance. Wanda ya rubuta da waɗanda suka cusa kuɗin, wa za a ba tukuici?

Malam Akawu: Barista ai ka ƙarfafa ni ne. Da babu sashe na 11, da me za a kafa hujjar cusa kuɗin? Sai da tukunya ake maganar miya.

Injiniya: Ku bari in kare masu gini, tunda an mai da su abin zagi. Da farko ɗan majalisa ba ya gini da hannunsa. Sunan aiki yake bayarwa, a saka shi cikin kasafin wata ma'aikata ko hukuma, daga cikin naira biliyan 100 da aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu. Inda abin yake lalacewa sananne ne. Wani lokaci a kai aikin asibiti ƙarƙashin hukumar da ba ta da alaƙa da lafiya, don a nan ake da ɗan kwangila. A gina, a yi fenti, a kafa allo da hoton mai girma, a yanka kyalle. Ma'aikatan kuwa na hukumar lafiya matakin farko ta jiha ne, ba wanda ya shawarce ta, ba ta da albashin sabbin mutane, sai ta ƙi karɓar ginin. Bayan damina biyu jemagu sun tare a silin, awaki na kwana a baranda. Irin wannan ne ya sa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019.

Amma a ɗauki asibitin da yake aiki a gunduma, wanda ke cikin jerin masu karɓar BHCPF, a gyara rufi, a haƙa rijiyar burtsatse, a sa sola mai ɗaukar firji da fitilun ɗakin haihuwa, a yi ɗaki biyu na ma'aikata don ungozoma ta kwana a wurin. Wannan a wata shida ake ganin amfaninsa. Malam Akawu, a gaya mini dokar da ta taɓa kunna fitila a wata shida.

Hajiya Ungozoma: Ɗakin kwanan nan shi ne maganar, Injiniya. Asibitin da ake rufewa ƙarfe huɗun yamma ba na haihuwa ba ne, naƙuda ba ta duba agogo.

Likita: Ni dokar ƙwaƙwalwar nake so a tsaya a kanta, don a nan maganar Malam Akawu ta fi ƙarfi, a nan kuma ta fi rauni. Kafin a sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, dokar da ake aiki da ita ta 1958 ce, mai tushe tun 1916, wadda hankalinta ya fi karkata ga yadda za a tsare "mahaukaci", ba yadda za a yi masa magani ba. Sabuwar ta ba majiyyaci haƙƙi, ta gindaya sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da kuma asusu. Ba ginin da zai yi wannan. Duk wanda ya tuna mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ya san akwai abin da sai doka.

To amma magidanci da ɗansa ya kamu a ƙauye, har yanzu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware zai nufa, ko na Barnawa, ko na Maiduguri, ko na Dawanau, da kuɗin mota na mutum uku, don sai an samu masu riƙewa. Kuma sashe na 231 na kundin Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, yana nan: wanda ya yi yunƙurin kashe kansa mai laifi ne, ana iya ɗaure shi har shekara guda. Sabuwar dokar ba ta goge shi ba. Shi ya sa iyalai ke ɓoye abin, su ce ai faɗuwa ya yi.

Barista: Ga kuma wani tarko. Lafiya ba ta cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sai jiha ta kafa tata hukumar inshorar lafiya, kamar KSCHMA a Kano, ta buɗe asusu, ta zuba nata kason, sannan kuɗin tarayya ya gangaro. Ma'aikacin gwamnati ana cire nasa daga albashi. Mai shayi da manomi fa, daga ina za a cire? "Wajibi" a takarda, ba hanyar karɓa. Haka sashe na 20 na dokar 2014: asibitin da ya ƙi karɓar mai neman agajin gaggawa, tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Har yau ana cewa a biya kuɗin kati tukuna.

Malam Akawu: To kun ga laifin masu zartarwa ne.

Barista: A'a Malam, kar ka zille. Sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da sammaci. Shugaban kwamiti na iya kiran minista da shugaban NHIA ya tambaye su: nawa aka ware, nawa aka saki, asibiti nawa ya ga kuɗin a asusunsa a wata ukun da suka wuce, mutum nawa aka yi wa rajista a kowace jiha. Sa ido ba ya da hoto, ba a yanka masa kyalle, shi ya sa ba mai sonsa. Shi Oloriegbe dai dokokin sun fito ne a ƙarshen zangonsa, bai kuma koma majalisa a 2023 ba, don haka wannan nauyin a wuyan waɗanda suka gaje shi yake.

Hajiya Ungozoma: Ni dai ban janye ba. Malam Akawu, ka je asibitin gundumarku gobe, ka nemi littafin rajistar masu inshora, ka ƙirga mata masu ciki nawa ne a ciki, ka buɗe firjin ka taɓa. In da sanyi, ka dawo mu ci gaba.