Cingam da foti sun ƙi fita daga gilashin taga, don Allah a taimaka

Maman Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tare a wani tsohon gida a Zariya, tagogin irin na da ne masu firam ɗin ƙarfe da ake liƙe gilashi da foti. To yaran mutanen da suka tashi sun mammanna cingam a tagar ɗaki ɗaya, ya sha rana ya sha ƙura har ya koma baƙi, ga shi kuma mai gilashin da ya canza guda biyun da suka fashe ya bar mana shatin yatsu da maiƙon foti ko'ina. Na sa omo da soso, sai ma ƙara yaɗuwa ya yi. Me zan sa ya fita ba tare da na karce gilashin ba? Gidan haya ne, ba na son abin da zai haɗa ni da mai gida.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Cingam ai ƙanƙara ce maganinsa. Ki samu fiya wata da ya daskare ki ɗora a kai kamar minti 5, zai yi tauri ya daina jan zare, sai ki sa sabuwar reza ki kwantar da ita ki tura a hankali, zai ɓamɓaro. Ɗan danƙon da ya rage ki ɗiga man gyaɗa ki murza da tsumma sannan ki wanke da sabulu. Shi ke nan.

Autan Mama:
Ni dai fetur nake sawa, nan take yake cinye komai

Baba Mai Gilashi:
Autan Mama ka rufa mana asiri, fetur a ɗakin da yara ke kwana, ga mata na kunna turaren wuta? A'a. Kananzir ya isa, shi ma a buɗe taga.

Hajiya, maganar Ɗan Sabon Gari daidai ce amma akwai abin da ya tsallake. Ba rezar ce ke karce gilashi ba yawanci, yashin da ke shiga ƙarƙashinta ne, kuma tagogin nan namu ba sa rabuwa da ƙura musamman lokacin hunturu. Don haka ki fara wanke gilashin tas, ki bar shi da jiƙonsa na ruwan sabulu, sannan ki sa reza, gaba kawai za ki riƙa turawa ki ɗaga ki sake, kar ki yi ta kai da komo. Reza mai tsatsa ko wuƙar kicin ko sosan ƙarfe duk ki ajiye su. In kuma an manna wa gilashin ledar tinted ta ciki, reza ba ta taɓa wajen sam, tsohon katin ATM za ki sa.

Shi foti ba komai ba ne illa garin alli da aka kwaɓa da wani mai, shi ya sa omo ya ƙi kama shi, maiƙo ne kike ta yaɗawa. Mu a wajen aiki in mun gama liƙi garin alli busasshe muke barbaɗawa a gilashin mu goge da burushi mai laushi, sai ya shanye maiƙon, yaron da ya yi muku aikin ganda ce kawai ta hana shi. Allin makaranta ma in kin daka zai yi. Inda ya bushe ki ɗan jiƙa tsumma da kananzir ki goge, ki bi da sabulu, ki ƙarasa da tsohuwar jarida. Amma kar ki kai kananzir ɗin kan sabon fotin da ke gefe, zai sa shi laushi, kuma ki hana yara tsokalarsa da yatsa don yana kai makonni kafin ya yi taurin da za a shafa masa fenti.

Maman Yara:
Kai na gode Baba, Allah ya saka da alheri. To sauran tagogin fa, tsohon fotin ya tsattsage yana zubowa, wani wajen kuma ya yi tauri kamar siminti har ya hau kan gilashin. In zuba masa ruwan zafi?

Baba Mai Gilashi:
Kul Hajiya, ruwan zafi a gilashi mai sanyi tsagewa zai yi a gabanki. Zafi yana sassauta fotin gaskiya, amma na handiraya, wato na'urar busar da gashi, a riƙa kaɗa shi kar a tsaya waje ɗaya, in ya yi laushi a kankare wanda ya hau gilashin kaɗai. Kuma kar a goge shi da samfefa, tsohon fentin da ke kai zai iya ƙunsar dalma, ƙurarsa na cutar da yara. Wanda ke cikin firam ɗin ki bar shi, shi ne ke riƙe da gilashin tare da wasu 'yan ƙarafa da ke ƙarƙashinsa, in ya zube da yawa ki ɗauki hoto ki tura wa mai gida ya kira mai aiki kafin iskar farkon damina ta iso.

Autan Mama:
To Baba na ji, na tuba da fetur. Silikon fa, danƙon nan mai kamar roba da ake liƙe gilashi da shi, shi ma kananzir ɗin?

Baba Mai Gilashi:
Silikon in ya bushe kananzir ba ya narkar da shi, yanka shi ake yi da reza a ja shi ya fito dogo.