Shin dole ne a kai ragon suna mayankar gwamnati?

Abu Halima, Makka:
Assalamu alaikum. Allah ya azurta ni da ɗa namiji, kuma na yi niyyar yanka ragon suna a tsakar gida kamar yadda muka taso muka ga iyayenmu suna yi, sai wani maƙwabcina ya ce hukuma ta hana yanka a wajen mayankar da ta amince da ita, wanda aka kama kuma tara ce a kansa. Ragon nan lafiyayye ne, daga Sudan aka kawo shi, mahaucin kuma Musulmi ne masanin aikinsa. Mene ne dalilin hanin?

Malam Sani, Jidda:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, Alhaji. Maganar maƙwabcinka gaskiya ce. Hukuma ba ta shakkar halaccin yankanka, lafiyar naman take dubawa, domin akwai cututtukan da ba sa nunawa a jikin dabba tana tsaye. A mayanka likitan dabbobi yana duba ragon kafin a yanka, bayan an feɗe kuma ya tsaga hanta ya nemi tsutsa a cikin jijiyoyinta, ya matsa huhu ko zai ji ƙullutu mai ruwa, ya yanka kaluluwa saboda tarin fuka. Idan cutar ta tsaya a hanta, ita kaɗai ake zubarwa, idan kuwa ta game jiki, naman duka ake hallakawa, wanda ya tsira ne ake buga wa hatimi. Na ga hantar tunkiya mai ƙiba da aka tsaga, tsutsotsi masu faɗi suna motsi a ciki, alhali babu wanda zai kushe ta a kasuwa.

Hajiya Ummu Bashir, Jazan:
Mu nan Jazan, a kudancin Saudiyya, ba za mu manta da shekarar 2000 ba, lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke, ya kashe fiye da mutum 100 a ƙasar nan. Sauro yana yaɗa shi, haka ma taɓa jinin dabbar da ta kamu, don haka mai yanka da mai fiɗa da matan da ke wanke kayan ciki suna cikin haɗari. Ko a 2019 an dakatar da shigo da dabbobi daga Sudan saboda wannan cuta.

Ɗan Takari, Madina:
Ban musa ba, amma ya kamata a faɗi abin da ke korar mutane daga mayanka, wato cunkoso, musamman a kwanakin Layya, da tsoron kada a musanya wa mutum namansa. Shawarata, Alhaji, tunda sunan bai faɗo a lokacin salla ba, ka yi sammako da ragon, ka riƙe lambar da za su ba ka, ka tsaya har likita ya gama dubawa, sannan ka ɗauko kai da ƙafa da kayan ciki tare da naman.