Fijo 504 kupe ta marigayi babanmu: in canza mata inji ko in gyara nata?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana mota ina neman shawara kafin in yi abin da ba ya gyaruwa. Akwai wata Peugeot 504 ta marigayi babanmu, Allah ya jiƙansa, ba irin wadda kowa ya sani ba mai ƙofa huɗu, wannan ƙofa biyu gare ta, wadda ake ce ma kupe, a kartagiris an rubuta 1972. Tun ina ƙarami take ajiye a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, tayoyi sun sace sun tsattsage, ɓeraye sun cinye kujerar baya, awaki kuma sun karce fentin kapo da kofato, amma wallahi jikin lafiya lau in ban da ƙasan ƙofar direba da tsatsa ta ɗan ci. Gilasai duk suna nan, fitilun gaba huɗu ne, ɗaya ce kawai ta tsage.

Ni ba haya zan yi da ita ba, ina da babur ɗin da nake zirga-zirga, so nake in riƙa taɓa ta kaɗan-kaɗan ranar Lahadi in na samu rarar kuɗi har Allah ya sa ta tashi in zaga gari da ita. To na kawo wani makaniki ya ɗaga kapo ya ce wai wannan ba karbirato gare ta ba, wani pompi ne a gefen inji da bututan ƙarfe huɗu suna fita daga cikinsa, ya ce babu mai iya taɓa shi, gara a sauke injin gaba ɗaya a sa na Toyota da buwat ɗinsa kowa ya huta. 'Yan gwangwan su ma sun ji labari sun zo har ƙofar gida wai su auna ta da kilo, wannan kam na sallame su. Abin da nake tambaya, in bi maganar makanikin nan ne ko akwai yadda za a yi injinta ya tashi? Kuma ta ina ake fara irin wannan aiki, inji ko jiki?

Tsohon Gareji:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah shi jiƙan mahaihinka, shi sa ya huta. Da hwarko dai kada ka bari kowa ya sa ma motar nan batir ya murɗa makulli, ko da wasa. Injin da ya daɗe kwance segiman ɗinshi, wato zobban piston, sun manne da bangon shimiz, bututun da piston ke hawa da sauka ciki, in demarer ya hizge shi da ƙarhi sai su karye ko su karce bango, aikin da za a yi da ɗan kuɗi kaɗan ya koma babba. Ka cire buji duka huɗu, ka zuba ɗan baƙin mai gauraye da gazuwal a kowane rami, ka bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki, sannan ka sa sifana a ƙusar puli ta gaba ka gwada juyawa da hannu, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. In ya ƙi ka ƙara mai ka ƙara haƙuri. In ya juya to ka gode ma Allah, rabin damuwarka ta ƙare.

Maganar Toyota kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wannan kamar ka cire ma dokin sarki sirdi ne ka ɗora mishi mangala. Kuma ba ma zancen kyau ba, ginin motar bai karɓar haka cikin sauƙi. Injin 504 a kishingiɗe yake zaune, an kwantar da shi gehe guda shi ya sa kapo ya yi ƙasa, sannan sandar da ke kai ƙarhi baya tana cikin wani bututu ne da anka ɗaure daga buwat har pon na baya, ba a sake take ba irin ta sauran motoci. Duk wanda zai sa wani inji sai ya yanka nan ya yi walda can, kuma abin da anka yanke ba shi komawa.

Abin da makanikinka bai gaya maka ba, ƙasan injin nan ɗan gidan 504 ne da munka saba, lita biyu, 1971 cc, mu da munka yi zamanin taksin daji mun sauke irinshi mun maida har ba mu san iyaka ba. Shimiz ɗinshi masu zarewa ne, ba sai an kai bulok wurin mai gogewa ba, ana sayen shimiz da piston da segiman saiti guda a sa. Amma ka riƙe wannan da kyau ka gaya ma duk wanda zai buɗe: in an kwance ƙusoshin kulas, wato kan inji, ba a ɗaga shi sama kai tsaye, ana gurgusa shi gehe ne har jowan da ke tsakaninshi da bulok ya saki, kuma muddin kulas na ƙasa ba a juya injin sai an danne shimiz da ƙarhe da ƙusa. In ba haka ba shimiz ya ɗaga ko da ƙanƙanin abu ne, abin da ke toshe gindinshi ya saki, ka gama haɗa inji ka tada ka ga ruwan radiyato ya gangara cikin mai ya koma hwari. Yara da yawa nan suke kashe injin fijo su ce motar ce ba ta da kyau.

Pompin nan sunanshi Kugelfischer, na Jamus ne, ba kwamfuta cikinshi ba komi, ƙarhe ne zalla. Dauɗa ce kawai ba shi so. Kada a buɗe shi tukuna.

Direban Dakoro:

Baba ya faɗi gaskiya a kan Toyota, amma da izininka baba ni ina da ɗan ƙari. Na yi shekaru ina jan 504 burek a hanyar Dakoro tun kafin ta yi kyau, kuma abin da na sani shi ne mota ana yinta ne don ta yi tafiya. In yaron nan ya tsaya jiran pompi ya gyaru zai iya shekara da shekaru motar na kan bulo, zuciyarsa ta yi sanyi, ƙarshe 'yan gwangwan ɗin da ya kora su dawo su ɗauka. Ga kuma man da muke sha, wani lokaci dole ka tsaya wurin ɗan ruwa-ruwa a juye maka kwalba ta cikin tsumma, karbirato zai haɗiye wannan ka kwance jikle ka hura ka wuce, anjeksiyon kuwa, wato mai pompin nan, sai ya tsaya maka a hanyar Tibiri ba mai taimakonka.

Shawarata abokina, ka nemi cikakken injin 504 mai karbirato, irin na Kaduna, tunda kamfanin PAN ya yi ta haɗa 504 har wajen 2006 kayanta ba su ƙare ba, ka bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da wanda ya san inji, ko ka sa a duba maka a kasuwar Feray ta Yamai. Shi zai zauna wurin ɗan uwansa ba tare da an yanka jikin mota ba. Nata na asali kuma ka sauke shi da pompinsa da bututansa da komai, ka shafe da mai ka naɗe a leda ka sa a ɗaki, ka riƙa gyara shi a hankali ba mai kora ka. Ranar da ya gyaru a maida.

Sannan kafin ta taka ko ƙofar gida a yi birki. Kupe diski gare ta ƙafa huɗu, kuma bayan wannan zaman duk sun kama, tiyon roba sun bushe, man birki ya sha ruwa. Tayoyi ma sababbi, kar ka ce za ka yi faci.

Malamin Lise:

Kai ɗan uwa, ka san abin da ke bayan gidanku kuwa? Na karanta saƙonka sai da na tashi zaune. Kowa ya tsaya kan inji, ni kuwa jikin ne ya fi tsorata ni, don inji in ya mutu akwai wani a Kano, jikin nan kuwa babu shi a ko'ina kusa da mu. Kupe ɗin 504 a 1969 aka fara nuna ta a baje kolin motoci na Janeba, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma can Turin ake ƙera jikin sannan a kai Sochaux a Faransa a ƙarasa haɗawa, aka daina yinta a 1983. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne, ita kuwa mai ƙofa huɗu 2.74, wato an gajarta ta da santimita 19, shi ya sa ƙofa, kapo, fuka-fuki, gilashin gaba, babu wanda za ka ciro daga 504 ta gari ya shiga. 504 gaba ɗaya an yi sama da miliyan uku, kupe kuwa ko dubu talatin ba ta kai ba.

Fitilu huɗu da ka ce sun nuna ta farkon fitowa ce, kafin a canza mata fuska a ƙarshen 1974 lokacin da injin V6 ya shigo. Duba baya za ka ga danja uku-uku a karkace kowane gefe. Dan Allah tun yau ka cire su da na gaba ka naɗe a tsohon zane ka sa a akwati, har wadda ta tsage ɗin, ka kuma hana yara buga ƙwallo kusa da gilashin nan. Kuma ba motar ado ce kawai ba, irin wannan jikin ne mai V6 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da shi a 1978, ya kuma ci Bandama ta Kodebuwa a shekarar.

Wajen tsatsa, busasshiyar ƙasarmu ta taimake ka, a Turai ruwa da gishirin hanya suka cinye mafi yawansu. Amma kar ka yarda da ido, ɗaga kafet ka ƙwanƙwasa daɓen da sukurdireba, ka duba ƙarƙashin ƙofofi, mazaunin batir, da inda tayar sukur take kwana. In mai gyaran jiki ya ce zai cika ramin da masti ya fesa fenti ka ce a'a, a yanke ruɓaɓɓen a dasa sabon ƙarfe, masti mai kauri zafin Afrilu zai fasa shi. Fenti shi ne na ƙarshe. Kuma a yi aikin a gida, motar da ta kwana a filin gareji ƙananan kayanta ke fara ɓata, tambarin zaki, hannun ƙofa, murfin tanki. Duk abin da za ka kwance ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa, ƙusoshi a gwangwanin madara ka rubuta inda suka fito. Ƙananan robobi da jowan da ba a samu a nan, gidan tarihin Peugeot na Sochaux na da sashen sayar da kayan tsoffin motoci, in kana da ɗan uwa ɗalibi a Faransa sai ya riƙo maka.

Hajiyar Zariya:

Ƙanena ni ban san inji ba, amma ka ce motar marigayi ce. An raba gado kuwa? In ba a raba ba motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin mahaifiyarku da 'yan uwanka mata da maza a ciki. Yanzu da take kwance awaki na hawa ba wanda zai yi magana, amma ranar da ta fito tana ƙyalli aka ji Malam ya ce ba ta da yawa a duniya, maganar za ta canza, kai kuma ka riga ka zuba guminka. Ku zauna da manya da malami, a yi mata kuɗi yadda take yanzu, ka biya kowa rabonsa ko su yafe maka a gaban shaidu a rubuta, sannan ka je a maida kartagiris da sunanka. Ka yi wannan kafin ka sayi ko buji ɗaya.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni, yau da dare zan samu yayanmu babba in sha Allahu. Malam na duba, danja uku-uku ne kamar yadda ka ce, na cire su. Maganar Toyota na ajiye ta, ta injin Kaduna kuma zan riƙe ta in nata ya ƙi. Baba na zare sandar mai, baƙi ne ƙirin amma babu fari-farin ruwa a jikinta, sai dai da na buɗe tanki wani wari ya bugo ni kamar tsohon fenti. In injin ya juya da hannu me zan yi kafin in kai ga pompin?

Tsohon Gareji:

Madalla, baƙin mai ba matsala ba ne, hwari ne abin tsoro. Warin nan tsohon esansi ne ya daskare ya zama danƙo. A sauke tankin a wanke shi sarai, a leƙa da tocila, in da tsatsa a zuba tsakuwa da gazuwal a girgiza har ta hita, a hure bututun mai tun daga baya har gaba, a canza duk tiyon roba da hilta. Akwai ɗan pompin lantarki da ke turo mai zuwa ga babban, a gwada shi daban a ga ko shina turawa. Shi babban pompin, bel mai haƙora ke juya shi, kada ka yarda da tsohon bel ɗin ko da ya yi kyau ga ido, kuma kahin a cire shi a sa alama da hwarin fenti inda haƙoran suke zaune. Pompin na da man kanshi, a duba a canza. Anjekta huɗun ka cire ka kai ma masu gyaran pompin gazuwal su gwada heshinsu kawai, su kaɗai, pompin ya zauna gida. Wayoyi kuma ka bi su ɗaya-ɗaya tunda ɓera ya shiga, don kada ka sa batir wuta ta tashi. In ka kai nan ka sanar da ni, ina tahowa Bagalam wata Lahadi bayan la'asar mu tada ta tare.