Taimako: ruwan burtsatse na ɓata mana taitireshan

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kemistiri ga ɗaliban shekarar farko a wata kwaleji a karkarar Jigawa. Na'urar da ke tace mana ruwan gwaji (distilled water, wato ruwan da babu gishiri ko wani sinadari a cikinsa) ta lalace, wuta kuma ba ta zama.

Da na haɗa sinadarin NaOH (caustic soda) mai ƙarfin 0.1 M (ma'aunin yawan sinadari a kowace lita) da ruwan burtsatse, sai ya yi fari-fari, gari ya kwanta a gindin kwalba. A taitireshan (gwajin auna ƙarfin sinadari ta hanyar ɗiga wani a cikinsa) da asid ɗin HCl, awon ɗalibai ya ƙi zuwa daidai da lissafin allo, har sun fara zargin hannunsu, abin da ya fi damuna ke nan. Na tafasa ruwan na tace, garin ya ragu amma bai tafi ba. Ruwan leda ma haka.

Don Allah, ta yaya zan samar da irin wancan tataccen ruwan gwaji kamar lita 10 ba tare da lantarki ba?