Kyamarar ƙirga buhu a sito: wa ya taɓa gwadawa?

Bello Akawu: Assalamu alaikum jama'a. Maigidana na son sa kyamarar nan mai ƙirga kaya a ƙofar sitonmu na siminti. Tirela guda buhu 600 take ɗauka, amma da wuya a sauke ta ba mu yi musu da direba kan buhu biyu ko uku ba. Wanda ya yi aiki da ita ya ba mu labari.

Alhaji Mai Taki: Wa alaikumus salam. Bara munka sa, Malam Bello. Sama da ƙofa ake kafa ta tana kallon ƙasa. Akwai layi da anka ja a allon kwamfuta, duk buhun da ya tsallake shi sai lamba ta ƙaru. Makon farko mun sha wuya. Yaranmu majiya ƙarfi ne, wani sai ya aza buhu biyu a ka, ita kuwa na saman kaɗai take gani, ta rubuta ɗaya. Wani ya fito da buhun da ya fashe ya sake shiga da shi, ta ƙirga sau biyu. Sai da mai haɗa ta ya dawo ya ɗauki hotunan 'yan dakonmu suna aiki, ya ƙara koya mata, ya saita ta ta bambance shiga da fita. Ni kuma na hana ɗaukar bibbiyu, sunka yi ta gunaguni, don kuɗin dako da buhu ake biya.

Umaru Sola: Alhaji, ka manta ƙura. Da hunturu ya kama, gilashin kan yi fari fat, balle garin siminti. In ba a goge shi safe da azahar ba, lissafi ya tashi. Kuma a haɗa ta da batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauke kaya, abin da ya wuce a duhu ya wuce.

Hajiya Mai Shinkafa: Ni bidiyon da take ajiyewa ya fi yi min amfani. Wani direba ya rantse ya kawo cikakku, munka zauna munka maido hoton baya, ashe huɗu babu. Amma fa buhu take gani, ba nauyi ba. Wanda anka tsiyaye wa kwano biyu, cikakke ne a wurinta. Sikelina na nan bakin ƙofa.

Bello Akawu: Na gode ƙwarai. Alhaji, akawunka fa, yana nan ko ka sallame shi?

Alhaji Mai Taki: Yana nan da littafinsa. Shi ka goge gilashin.