Gajerun New Jersey da Dogon Purdue: Musayar Waƙa

Baffa Mai Kwando (Alhamis, 16 ga Maris, 2023)

Assalamu alaikum. Gobe Juma'a a birnin Columbus na jihar Ohio, jami'ar Fairleigh Dickinson ta jihar New Jersey mai lamba ta 16 (na ƙarshe a jerin ƙarfi na ɓangarensu) za ta kara da Purdue mai lamba ta 1 (mafi ƙarfi a jerin), a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, wato NCAA. Wasan sili ɗaya ƙwale ne. Na aza baiti, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Batun gajeru nake kawowa,
'Yan New Jersey masu zaburowa,
Da gobe za su gamu da Purdue.

Ƙungiyoyi 363 aka jera,
Aka auna tsayi, aka ƙirga, aka tara,
Su ne na ƙarshe, ba wanda suka ɗara,
Amma ni dai ina tare da su.

Bara wasa 4 kacal suka ci,
Sau 22 suka kwana da ɗaci,
Sai Tobin Anderson ya zama koci,
Ga shi bana gasa ta karɓe su.

Jiya a Dayton an ga zahiri,
84 da 61, babu jinkiri,
Texas Southern ta koma gari,
Wa zai ce ba ƙarfi gare su?

Ɗan Zongo

Baffa, gaisuwa da ban girma,
Na ji baitinka har na yi tsuma,
Amma tsaya mu duba alama,
Zach Edey na Purdue fa yana cikin fili.

Mita 2.24 ne tsawonsa,
Ɗan Toronto, Kanada ƙasarsa,
Kwando na nan dab da hannunsa,
Wa zai hana shi zuba maki?

Kofin gasar yankinsu, Big Ten, Purdue suka ɗauka,
Wasa 29 suka ci, na faɗa maka,
Sau 5 kacal aka kayar da su duka,
Ba sa'a ba ce, Baffa, aiki.

Kuma naka ba su ci nasu kofin ba,
Merrimack ta doke su, ba ka manta ba,
67 da 66, doka ce ba ta bar ta ba,
Aka ba su kujerar da ta bari.

Ga wanda bai bi ba: Merrimack sabuwar shiga ce a rukunin farko, wato matakin manyan ƙungiyoyin jami'o'i, ƙa'idar NCAA kuwa ta hana sabon shiga buga wannan gasa sai ya cika shekarun jira.

Yaya Uwani

Ƙanena, batun tsawo na yarda,
Amma tarihi ma yana ba da shaida.

A 2018 Virginia ce ta ɗaya,
Jami'ar UMBC ta 16 ba ta ja da baya.

74 da 54 aka tashi,
Tazarar maki 20, babba ya sha kashi.

Purdue ɗin da kake yi wa kirari,
Bara Saint Peter's ta katse mata hanzari.

67 da 64, Edey yana ciki,
Mai lamba 15 ce ta yi wannan aiki.

Bara waccan North Texas, mai lamba 13,
A zagayen farko ta kore su, ina tuna muku.

Ɗan hakin da ka raina, ƙanena,
Shi ke tsone maka ido, ka ji zancena.

Ɗan Zongo

Yaya, tun 1985 ake wannan tsari,
Na 16 da na ɗaya su gamu tun fari,
Sau ɗaya tak ƙaramin ya ci gari,
Sau ɗaya ba ya zama madogari.

Baffa Mai Kwando

Ɗana, ni na girme ka, bari in ƙara,
A 1983 Houston ce ke sara,
Olajuwon na Legas yana tsakiyar da'ira,
Kowa ya ce kofi nasu.

NC State ta zo a raine,
54 da 52, daƙiƙar ƙarshe ne,
Lorenzo Charles ya dunƙula, shi ke nan ne,
Ɗan ƙasarmu ya faɗi ƙasa, abin ya dame su.

Malam Na-Damagaram

Ku ba ni fili in faɗi dabara,
Tarihi ba ya sa riga ya kara,
Ni da nake horar da yara,
Abu biyu na gani na tara,
Su ne ƙofar da gajeru za su shiga.

Masu kawo ƙwallo na Purdue yara ne,
Braden Smith da Fletcher Loyer sababbi ne,
Bana suka shigo, 'yan aji ɗaya ne,
A matsa musu tun daga layin baya ne,
Hannu ya yi rawa, ƙwallo ta kuɓuta.

Ka ce sau 5 aka kayar da su, haka ne,
Amma 4 daga ciki a Fabrairu ne,
Indiana sau biyu, sanannen abu ne,
Northwestern da Maryland ma shaidu ne,
Ƙarshen kaka ƙafarsu ta fara sassarfa.

Demetre Roberts, mita 1.73,
Grant Singleton kusan haka, in gaya muku,
Da Sean Moore, su ne ukun da za su ba ku
Mamaki, don tare da koci suka zo su uku,
Daga rukuni na biyu, sun san salon matsa.

Na biyu, Edey: kada a bar shi da mutum guda,
Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a takura, a murɗa,
Ƙwallo in ba ta kai gare shi ba, ya tashi a banza da
Tsawonsa, sai na waje su jefa, mu ga shaida,
Ko hannunsu zai iya jifan maki uku da nisa.

Nan ne hatsarin, ba zan ɓoye ba,
In jifan nesa ya shiga, ba su tsira ba,
Wanda ya tare ciki, waje bai rufe ba,
Amma in suka zubar, tsoro ba zai bar su ba,
Don duk nauyin yana wuyan babba.

Yaya Uwani

Malam, Allah ya ƙara basira,
Koci Anderson ma ya faɗa a gaban kyamara:

Duk ƙarin kallon da yake wa Purdue,
Sai ya ƙara ganin za su iya doke su.

Ɗan Zongo

Wannan magana ita ce damuwata,
Purdue ta ji, ta shiga zuciyarta,
Ba a tsokanar babba a bainar jama'a, Yayata.

Baffa Mai Kwando (Asabar, 18 ga Maris, da asuba)

Jama'a, ban runtsa ba daren nan,
63 da 58 aka tashi wasan nan,
Sean Moore, a Columbus ya tashi yaron nan,
Maki 19 ya zuba a gaban danginsu.

Jifan maki uku 26 Purdue ta yi,
5 kacal suka shiga, sauran suka bi gefe ɗai-ɗai,
Abin da Malam ya zana shi aka yi,
Karo na biyu ke nan na 16 suka ci nasu.

Ɗan Zongo

Barka Baffa, barka Yaya Uwani,
Edey nake tausayi, ku ma kun gani,
Maki 21, ya tsinto ƙwallo 15 da suka dawo daga kwando, ya yi amfani,
Kusan minti 9 na ƙarshe bai yi jifa ba ko ɗaya, kun sani,
Ba a kai masa ba, ta ina zai ci?

Malam Na-Damagaram

Gobe Lahadi Florida Atlantic ce a gaba,
Ta fitar da Memphis, 66 da 65, ba da sauƙi ba,
Wasa 32 ta ci bana, ba ƙarama ce ba,
Masu gudu ne su ma, matsi bai cika ruɗa su ba,
Anderson sai ya sake sabon zane kafin su taka.