Silo mun san shi, amma me za mu kira hawa da saukarsa?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa don yara masu koyon kanikanci, na zo wani wuri na cije. Injin da ke aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, kowane gareji a Zariya silo yake ce masa, ba na neman sauya wannan. Matsalata ita ce abin da Turawa ke kira hunting, wato silo ya hau da kansa ya sauko, ya sake hawa. Sai kuma rich da lean na haɗin mai da iska, wato mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wa ke da kalma?

Bakanike, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. Mu dai cewa muke silo bai zauna ba. Tsofaffin Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, silonsu ya kamata ya zauna wajen juyi 800 zuwa 900 a minti idan inji ya yi zafi. In yana hawa da sauka, galibi iska ce ke satar hanya: tiyo ya tsage, ko gaskit ɗin da ke toshe ƙasan kafireto (mahaɗar mai da iska) ya ci. Wani lokaci jet ɗin silo, ƙaramar kafar da mai ke bi, shi ne ya toshe da dattin mai. Ka ɗan rufe bakin kafireto da tafin hannu, in ka ji inji ya daidaita, mai ne ya yi masa kaɗan.

Direban tasi, Kwangila:
Oga, ai karkarwa muke cewa.

Bakanike:
A'a, kada ka haɗa su. Karkarwa daban ce: fulogi ɗaya ya mutu ko wayarsa ta lalace, inji na girgiza amma juyinsa na nan wuri guda. In yaro ya ji ka ce karkarwa, fulogi zai je kwancewa alhali ciwon na tiyo.

Malamin Hausa, Samaru:
To ga tawa: lilo. Abu ne da ke zuwa ya dawo a kan ƙa'ida, ba fizga ba. Silo na lilo, ko lilon silo. Baki ma ya ɗauka da sauƙi. Na haɗin mai kuwa, ku duba kunu. In gari ya yi yawa ya yi kauri, in ruwa ya rinjaya ya zama tsararo. Ma'aunin da ake so kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Mai ya wuce haka, haɗi ya yi kauri. Ya gaza, tsararo.

Bakanike:
Lilo na karɓa, Malam, Allah ya ƙara basira. Tsararo ma ya yi, don fulogi fari fat za ka gani, inji na zafi, kafireto na atishawa in an taka totur. Amma kauri akwai rikici. A gareji ka ce kauri, hankalin kowa kan baƙin mai zai tafi. Ga kuma masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, sai a karanta ƙauri a ɗauka wayar lantarki ce ke ƙonewa.

Direban tasi:
Wannan dai mu cewa muke tana shan mai. Baƙin hayaƙi a salansa, warin fetur har cikin mota, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

Malamin Hausa:
Shan mai sakamako ne, yallaɓai. Birki ya kama ma mota za ta sha mai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan rubuta lilon silo da tsararon haɗi. Ɗayan kuwa zan bar shi "mai ya rinjayi iska" har a sami wadda ta fi. Oga, in za a gyara lilon silo, wane sukurun kafireto ake fara taɓawa?

Bakanike:
Ko ɗaya, sai ka toshe inda iska ke shiga, ka kaɗe ƙurar hunturu daga matatar iska, ka tabbata cok, marufin da ke rage iska a bakin kafireto, ya buɗe. Sannan inji ya yi zafi, ka juya na haɗin mai kaɗan-kaɗan har juyi ya kai ƙololuwa, ka dawo kan na totur ka sauke shi.